Turkar Ƙwayoyin Halitta: Yadda Yunwa, Zafi da Tsatsar Oksijin Ke Sa Yis Tara Mai

Mai turkar ragon layya ba ya ɗaure ɗan tunkiyar da bai yi ƙashi ba. Sai ya bari ya girma, sannan ya kafa masa turke, ya hana shi yawo, ya cika masa gaba da dusa da harawa. Haka ake yi wa ƙananan halittu masu tara mai. Ana barinsu su hayayyafa, sai a tsayar da haihuwar, a bar musu sukari, su rasa inda za su kai shi sai rumbun kitse. Wannan jagora na ɗalibi ne ko mai bincike da zai gwada abin da hannunsa a ɗakin gwaje-gwaje, kuma na gina shi a kan jan yis ɗin nan Rhodotorula toruloides, domin yana da haƙuri, kuma launinsa kan tona asirin halin da yake ciki.

Ana cewa halitta mai tara mai ce idan kitse ya haura kashi 20 cikin 100 na busasshen nauyinta. Wannan jan yis yana iya wuce kashi 60. Akwai irinsa: Yarrowia lipolytica, da Lipomyces starkeyi da ake samu a ƙasa, da naman gwari Mortierella alpina wanda ake saka mansa a madarar jarirai, da gansakuka irin Chlorella. Sana'ar ma ba sabuwa ba ce. A 1985 aka fara sayar da man da aka samo daga naman gwari Mucor circinelloides a Ingila, bisa aikin Colin Ratledge na Jami'ar Hull.

Mataki na farko: fahimci abin da yunwa ke yi a cikin ƙwayar

Kada ka auna ko giram ɗaya kafin wannan ya zauna maka, domin duk sauran matakan a kansa suke tsaye.

Ƙwayar yis tana buƙatar naitirojin don ƙera furotin da sinadaran gado. Idan ya ƙare, rabuwa ta tsaya. Amma ƙwayar ba ta daina shan sukari. Cikin neman ɗan naitirojin da za ta rayu da shi, sai ta fara fasa wani sinadari na cikinta mai ɗauke da naitirojin, wanda ake kira AMP, don ta ciro amoniya. Da AMP ya yi ƙasa, wani enzayim (furotin mai gaggauta aikin sinadarai) mai suna isocitrate dehydrogenase da ke cikin mitokondiriya (sashen ƙwayar da ke ƙona abinci), wanda a irin waɗannan halittu ba ya aiki sosai sai da AMP, sai ya yi sanyi. Hanyar ƙona sukari ta toshe ke nan. Sitiret ya taru, ya fito daga mitokondiriya, wani enzayim mai suna ATP-citrate lyase ya tsaga shi ya ba da acetyl-CoA, wanda shi ne tubalin kitse. Yis ɗin burodi ba shi da wannan enzayim, shi ya sa ko ka kashe shi da yunwa ba zai yi maka ƙiba ba.

Ginin kitse yana cin wani abu kuma, NADPH. Riƙe sunan nan da kyau. Shi ne kuɗin da ƙwayar ke biya a duk lokacin da ta ƙara tsawon sarƙar kitse, kuma shi ne dai kuɗin da take kashewa wajen kare kanta daga tsatsar oksijin, wato ɓarnar da gurɓataccen oksijin ke yi a cikin ƙwaya. Aljihu ɗaya, buƙata biyu. Za mu dawo kansa.

Mataki na biyu: samo iri, ka raya shi cikin wadata

Gara ka nemi sanannen iri daga ma'ajiyar ƙwayoyin sashenku ko daga manyan rumbunan ajiyar ƙwayoyin halitta irin ATCC ta Amurka da DSMZ ta Jamus. Ana iya tsinto jan yis daga ganye ko fure ko ƙasa, amma cikin dangin Rhodotorula akwai waɗanda kan kama mutumin da garkuwar jikinsa ta yi rauni, don haka duk abin da ka tsinto, ka ɗauke shi da safar hannu har a tabbatar da ko wane ne.

Ka fara da abinci mai wadata: a lita ɗaya ta ruwa, giram 10 na tsamin yis (garin da ake tatsowa daga yis), giram 20 na fefton (narkakken furotin), giram 20 na gulukos. Dafa shi a otokilef, wato tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da tururi, digiri 121, minti 15. Tukunyar matsi ta girki tana yin aikin idan babu otokilef. Zuba mililita 50 a kwalbar gwaji mai cin 250, kada ka wuce haka, domin sararin da ka bari shi ne numfashin yis ɗin. Ɗora a na'urar girgiza, juyi 180 zuwa 200 a minti, zafi digiri 28 zuwa 30, na awa 24 zuwa 36.

Kafin ka juye su cikin abincin yunwa, ka tace ƙwayoyin a santirifuj, na'urar da ke juyi da sauri har su kwanta a gindi, ka wanke su da ruwan gishiri mai tsabta. Mutane da yawa suna tsallake wannan, su kwashi tsohon ruwan da ke cike da fefton su zuba cikin sabon, sannan su yi mamakin da yis bai ji yunwa ba.

Mataki na uku: haɗa abincin yunwa da lissafi

Abin da ake sarrafawa shi ne yawan kabon a kan naitirojin. Idan ƙwayoyin kabon goma ne zuwa ashirin a kan kowace ƙwayar naitirojin, yis yana ta haihuwa. Idan suka kai 60 zuwa 100, sai tara mai.

Ga lissafin. Kashi 40 cikin 100 na nauyin gulukos kabon ne. Giram 60 na gulukos a lita yana ɗauke da giram 24 na kabon, wato mol 2 (mol shi ne ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari). Idan kana son ɗari a kan ɗaya, kana buƙatar mol 0.02 na naitirojin, wato giram 0.28. Amoniyam salfet kashi 21 cikin 100 nasa ne naitirojin, saboda haka kusan giram 1.3 ya isa. In za ka ƙara rabin giram na tsamin yis saboda bitamin, ka tuna shi ma yana ɗauke da kusan kashi 10 na naitirojin, sai ka rage amoniyam ɗin zuwa giram 1.1. Sauran su ne fotasiyam fosfet da magnisiyam salfet da ɗan ƙarafan da ake buƙata ƙalilan.

Dafa gulukos daban, gishirin naitirojin daban, ka haɗa su bayan sun huce. Idan aka dafa su tare ruwan kan yi ja-ja, kuma abin da ya ja launin yana takura wa yis. Sannan ka lura da tsami: yayin da ƙwayoyin ke shan amoniyam, ruwan yana ƙara tsami. Ka fara da pH 5.5 zuwa 6, ka sa isasshen fosfet da zai riƙe shi, ka riƙa aunawa kullum. In ka bari ya faɗi ƙasa da 3, ka ƙara wani matsi da ba ka shirya ba, kuma ba za ka iya raba tasirinsa da na yunwa ba.

Masu son amfani da ragowar gona, irin karan dawa ko buntun shinkafa ko ɓawon rogo, su san cewa idan aka narka kara da asid mai zafi ana samun wani guba mai suna furfural, kuma an tabbatar yana haddasa taruwar gurɓataccen oksijin a cikin yis. Ruwan rake mai kauri da ke saura a masana'antar sukari kuwa yana zuwa da nasa naitirojin. Sai an auna kafin a yi lissafi.

Mataki na huɗu: tsatsar oksijin, inda aikin yake da santsi

Duk halittar da ke numfashi tana zubar da tartsatsi. Yayin da mitokondiriya ke ƙona abinci, wasu ƙwayoyin lantarki suna kufcewa su faɗa kan oksijin, su mai da shi sufa-oksaid. Daga nan a samu haidirojin farokside, irin wanda ake wanke ciwo da shi. Idan wannan ya haɗu da ƙarfe a cikin ƙwayar, sai ya haifi haidiroksil, wanda ya fi su duka ɓarna, domin babu enzayim da ke kama shi. Ƙwayar tana da dakarunta: sufa-oksaid dismutes, da katales wanda ke fasa farokside zuwa ruwa da iska, da gulutatayon. Kusan kowane matsi da za ka iya kawowa, ko yunwa ko gishiri ko zafi ko haske mai ƙarfi, a nan yake ɓullowa, yana ƙara yawan tartsatsin.

Kaɗan daga cikinsa saƙo ne. Ƙwayar takan ji shi ta rage haihuwa, ta karkata kabon zuwa ajiya, ta tattara kitsenta mai saurin lalacewa cikin ɗigon mai inda ya fi tsira. Jan yis kuma yana ƙara launi, domin sinadaran da suke ba shi ja, wato torulin da torularodin da beta-karotin, garkuwa ne daga wannan tsatsar. A gansakuka abin ya fi fitowa fili. Ƙwayar da ke cikin haske tana ci gaba da kama ƙarfin rana ko da ta daina girma, kuma ƙera mai hanya ce ta zubar da wannan rarar kafin ta ƙone ta.

Da yawa daga cikinsa kuwa asara ce ta fuska biyu. Ta farko, man da kake tarawa shi ne abincin tsatsar. Tartsatsin yana afka wa kitse mai gaɓoɓi biyu-biyu, wato wanda aka ɗaure wasu ƙwayoyin kabon ɗinsa da ɗauri biyu, ya farfasa shi, kamar yadda man gyaɗa da aka bari a buɗe cikin rana yake canza wari, kuma ɓaraguzan da ke fita, irin malondialdehaid, suna manne wa enzayim su kashe su. Ta biyu ita ce aljihun da na ce ka riƙe. Duk gulutatayon da ya yi aiki sai an sabunta shi da NADPH, kuma duk NADPH da ya tafi can bai je ginin kitse ba. A 2017 ayarin Gregory Stephanopoulos a jami'ar MIT ta Amurka sun nuna haka a kan Yarrowia lipolytica: da suka ƙarfafa mata hanyoyin kare kai daga tsatsa da kawar da waɗannan ɓaraguzai, man da suka samu ya haura giram 70 a lita. Ba su ƙara wa yis ɗin wahala ba, sauƙaƙa masa ita suka yi. Wannan sakamako ya kamata ya sanyaya gwiwar duk mai zaton cewa ƙara azaba kullum ƙara mai ne.

To yaya za ka gwada? Haidirojin farokside na kantin magani mai kashi 3 cikin 100 yana da ƙarfin kusan mol 0.88 a lita. Don samun milimol 1 a lita cikin kwalba mai mililita 50, kana buƙatar kusan maikirolita 57. Duba jikin kwalbar, domin akwai mai kashi 6, shi kuma rabin haka za ka ɗiba. Jera kwalabe: babu ko ɗigo, sai milimol 0.5 a lita, sai 1, sai 2, sai 5, kowane mataki kwalba uku. Kada ka dafa farokside ɗin, zafi yana rusa shi. Ka yi amfani da sabuwar kwalba da aka ajiye a duhu, domin wadda ta daɗe a buɗe ruwa ce kawai.

Lokacin zubawa ya fi adadin muhimmanci. In ka zuba a ranar farko, ƙwayoyi kaɗan ne za su sha dukan gaba ɗaya, girma ya tsaya tun ba a je ko'ina ba. Ka jira sai girma ya fara lafawa, galibi tsakanin awa 48 da 72. A lokacin ƙwayoyin sun yi yawa, kuma katales ɗinsu zai cinye abin da ka zuba cikin ɗan lokaci. Saboda haka abin da kake yi bulala ɗaya ce, ba zama cikin wuta ba. Idan kana son matsi mai ɗorewa, raba adadin kashi-kashi ka riƙa zubawa kowace rana. Ka kuma rubuta yawan ƙwayoyin a lokacin da ka zuba, domin milimol 2 a ruwa mai kauri da milimol 2 a ruwa tsararo ba abu ɗaya ba ne.

Mataki na biyar: sauran matsin, ɗaya bayan ɗaya

Zafi. Sanyi yana sa ƙwayar ta ƙara kitse mai gaɓoɓi biyu don fatarta kada ta daskare, zafi kuma yana kawo akasin haka tare da ƙarin tsatsa. Wato zafi yana canza irin man, ba yawansa kaɗai ba. Jan yis ba ya son abin da ya wuce digiri talatin da 'yan kai. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, a watan Afrilu, ɗakin da ba sanyaya yana iya kaiwa inda yis ɗin zai daina girma gaba ɗaya. In da hali ka tsara gwajinka cikin hunturu ko damina, ka kuma ajiye ma'aunin zafi kusa da kwalaben, kana rubutawa safe da rana da yamma.

Iska. Idan wuta ta ɗauke na'urar girgiza ta tsaya, ƙwayoyin sukan kwanta a gindi su rasa oksijin, in ta dawo kuma iskar ta afka musu gaba ɗaya. Wannan kansa matsi ne. Rubuta awa nawa aka yi babu wuta. Gwajin da bai faɗi wannan ba ya ɓoye rabin labarinsa.

Gishiri yana zuƙe ruwan ƙwayar, sai yis ya kashe kabon wajen ƙera gilisarol da danginsa don ya riƙe ruwa. A yis sau da yawa riba ba ta taka kara ta karya ba, a gansakuka ne ya fi tasiri. Yunwar fosfet ko salfa ma tana sa jan yis tara mai, kuma tana da amfani idan abincin da kake da shi cike yake da naitirojin da ba za ka iya cirewa ba.

Kada ka haɗa biyu a gwajin farko. In ka sa gishiri da farokside tare mai ya ƙaru, ba ka san wa za ka gode wa ba.

Mataki na shida: aune-aune

Kowace rana ka ɗebi kaɗan da tsabta ka duba abu huɗu.

Nauyi: tace sanannen adadi, wanke, busar a tanda har nauyin ya daina sauka. Rai: ɗiga shuɗin metilin ka duba a madubin ƙara girma, matattu sukan rine shuɗi, masu rai su kasance fes. Sukarin da ya rage: hanyar DNS, wani sinadari mai canza launi idan ya haɗu da sukari, ita ce aka saba, amma in gulukos zalla ka zuba, na'urar auna sukarin masu ciwon suga tana ba da kimantawa idan ka tsarma ruwan sosai. Ɗigon mai: rinin Sudan Black B yana nuna su baƙi-baƙi a madubi na yau da kullum, Nile red kuma sai da madubi mai hasken musamman.

A ƙarshen gwaji sai hakar man. Bangon jan yis yana da tauri, in ka zuba sinadarin narkarwa kai tsaye rabin man zai zauna a ciki. Fara dafa busassun ƙwayoyin cikin asid haidirokulorik mai ƙarfin mol 4 a ruwan zafi na awa ɗaya zuwa biyu, ko ka niƙa su da ƙananan duwatsun gilashi. Sannan ka bi hanyar Folch ta 1957, kulorofom kashi biyu metanol kashi ɗaya, ko ta Bligh da Dyer ta 1959. Idan ruwan ya rabu gida biyu, ɗebe na ƙasa, bar shi ya bushe a kwanon da ka riga ka auna, ka sake aunawa. Kulorofom yana illa ga hanta, metanol yana makantarwa. A akwatin zuƙe hayaƙi ake wannan aiki, ba a kan tebur da taga a buɗe ba, kuma ba a tsotsar su da baki.

Don sanin ko tsatsar ta yi ɓarna, ana dafa ruwan ƙwayoyin da asid tayobabiturik a kusan digiri 95, malondialdehaid ya ba da ruwan hoda da ake karantawa a nanomita 532. Akwai tarko biyu a nan. Sukari ma yana ba da launi da wannan sinadari, don haka a wanke ƙwayoyin sosai. Kuma yis ɗinka ja ne da ma, sai ka tanadi kwalbar kwatanci da ba a sa mata sinadarin ba, ka cire karatunta.

Mataki na bakwai: karanta sakamakon da idon ɗan kasuwa

A nan ne rahotanni da yawa suke yaudarar masu su. A ɗauka, a misali, kwalbar da ba a taɓa ba ta ba da giram 12 na busassun ƙwayoyi a lita, kashi 45 mai. Wadda aka zuba wa farokside da yawa ta ba da giram 6, kashi 60 mai. Ɗalibi zai yi murna ya rubuta cewa matsi ya ƙara mai daga 45 zuwa 60. Amma ta farko giram 5.4 na mai ta bayar, ta biyu 3.6. An yi asarar kashi ɗaya cikin uku ana tafi.

Gwamnatin Amurka ta koyi wannan da tsada. Daga 1978 zuwa 1996 ta ɗauki nauyin wani shiri na neman man dizal daga gansakuka, har da tafkunan gwaji a Roswell ta jihar New Mexico. Ɗaya daga cikin abubuwan da rahoton ƙarshe ya fitar shi ne yunwar naitirojin tana ƙara kason mai a cikin ƙwaya, amma tana tsayar da girma, ta yadda jimillar man da ake samu a rana ba ta ƙaruwa.

Saboda haka ka kawo lambobi uku tare: giram nawa na mai a lita, giram nawa a lita a kowace rana, da giram nawa na mai daga kowane giram na sukarin da aka cinye. Na ukun yana da rufi. A lissafin sinadarai giram ɗaya na gulukos ba zai ba da fiye da kusan 0.32 na mai ba, kuma a aikace da wuya yis ɗin da ba a taɓa gadonsa ba ya wuce 0.22. In lissafinka ya ba ka 0.4, ba ka gano sabon abu ba, ko dai kwanon bai bushe ba ko kuma datti ya bi man.

Ranar girbi ma tana cikin sakamakon. Rumbu don ranar yunwa aka gina shi, kuma da sukari ya ƙare a ruwan, yis zai juya ya fara cin man da ya tara. An san Yarrowia da yin haka, ga shi kuma takan zubar da wani kason kabon ɗin a matsayin asid sitirik maimakon mai. Jan yis a kwalba yakan ɗauki kwana biyar zuwa bakwai, amma kada ka bi kalanda. Bi awon sukarinka na kullum, ka sauke kwalaben yayin da ya rage 'yan giram kaɗan a lita, ka tace su a ranar, ka sa ƙwayoyin a firiza cikin duhu idan ba za ka haƙo man nan take ba.